Turaren Umma a Buhun Riɗi

Sallama gare ku, ku da kuka saba zama da ni da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Sabon shiga ya matso kusa, ba zan bar shi a duhu ba. Sunana Badi'a Lawan, gidanmu yana Hotoro, aikina kuma a Sharada, a wani kamfani da ke tsaftace riɗi da zoɓo yana tura su ƙasashen waje. Ni ce mai ɗakin gwaji. Duk kayan da za su shiga kwantena sai na soki buhu, na shinshina, na auna, sannan in sa hannu. Koren biro idan kaya sun wuce, jan biro idan ba su wuce ba. Leburorin sito suna kirana Hajiya Hanci a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma ban ƙi sunan ba.

Sai kuma Ashafa. Hmm, ku bari in gyara zama.

Ashafa mutumin wani ƙauye ne a wajen Maigatari. Shi ke tattaro riɗin wata ƙungiya ta mata manoma su arba'in ya kawo mana. Da faɗa muka fara. Shekara biyu da suka wuce na mayar masa da buhu talatin saboda a tsofaffin buhunan taki ya zubo su. Ya tsaya a tagar ɗakin gwaji, hula ta karkace, ya ce, "Malama, ke ba ki da tausayi ne?" Na ce, "Ina da shi, na masu cin riɗin ne." Ya tafi yana huci. Da kaka ta zagayo sai ga shi da sababbin buhuna. Ashe ya raba wa kowace mace tamfol na sussuka don kada riɗi ya taɓa ƙasa, ya hana fesa magani bayan yanka, kuma kowane buhu ya ɗaura masa ɗan kati mai sunan wadda ta noma da sunan garinsu. Tun daga nan buhunansa suka daina shan jan biro. Ni kuwa ban san lokacin da na fara gyara ɗankwali ba idan na ji ƙarar motarsa.

To, Asabar ɗin da zan ba ku labari ita ce ranar da gwaggwanninsa za su kawo kayan gaisuwa gidanmu. Sati uku Umma ba ta zauna ba. An sake labulen falo, an wanke kafet, an soya cincin da dubulan har maƙwabta suka fara tambayar ko ranar aka sa. Kuma duk wanda ya san Ummana ya san ta da turaren wuta. Da hannunta take haɗawa, icen sandal da kajiji da farce da wani abu da ko ni ba ta taɓa faɗa mini sunansa ba. Idan ta kunna kasko, mai wucewa a layinmu ya san Hajiyar gidan Malam Lawan tana gida. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Juma'ar da ta gabaci wannan satin ba na gida. Ina Zawaciki wurin Yaya Zulaihatu, ta haihu, ni ce mai wanke-wanke da raba waina. Ana la'asar saƙon Ashafa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, na zo Hotoro ban same ki ba. Na bar ajiya wurin Umma."

Na goge hannu a zani na rubuta, "Ajiyar me?"

"Mai nauyi ce. Sai Litinin."

Jama'a, kada ku yi mini dariya. Kwana biyu ina ƙiyasta wannan ajiya. Na ce leshi ne. Na ce a'a, mai nauyi ya ce, to akwati ne. Har na zaɓi kalar da nake so ta kasance, ruwan toka mai ratsin gwal. Yaya Zulaihatu ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin ina wanke tukunya ina murmushi ba.

Litinin da safe daga Zawaciki na wuce Sharada kai tsaye, tunda ya fi kusa. Na sa atamfata ruwan zuma mai ɗinkin riga da siket, na ɗora farar rigar aiki a kai, na ɗan ja kwalli fiye da na kullum don na san motarsa za ta shigo. Aina'u, abokiyar aikina da ke rubuta sakamako, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau riɗi ne za a gwada ko mutum?"

"Ki kama bakinki ki ɗauko faranti."

An riga an sauke babbar motar a sito, buhuna jere har kusa da rufi, duk na kwantena ɗaya da za ta tafi Jafan ranar Laraba. Na bi su layi-layi da ƙarfen sokar buhu. Riɗi fari tas, ba tsakuwa, ba danshi, ba komai sai ƙamshinsa na Allah. Ina tafe ina jin daɗi kamar ni na noma. Sai a ƙarshen layi na ga buhu goma sha biyu a gefe guda, waɗanda aka ce shi da kansa ya kawo a ƙaramar motarsa da sassafe. Na soki na farko, riɗi ya zubo mini a tafin hannu. Wallahi a shekara huɗu da na yi ina wannan aiki ban ga riɗi mai kyan wannan ba. Na kai shi hanci.

Sai na ji ni a falon gidanmu.

Na tsaya cak. Na sake shinshinawa. Sandal. Kajiji. Da wannan abin da Umma ba ta faɗin sunansa. Na soki buhu na biyu, na uku, na huɗu, duk haka. A ƙarƙashin ƙamshin kuma, can ƙasa-ƙasa, akwai wani wari mai tsini da ke cizon maƙogwaro, wanda duk mai ɗaki da kyankyaso ya sani. Fiya-fiya.

Aina'u ta shinshina nata ta ce, "Kai! Wannan riɗin amarya ne? Badi'a, ai wannan ƙamshin mayafinki ne."

Na ɗebi riɗin a faranti. Muka koma ɗakin gwaji. Muna da wani ɗan kati na gwajin gaggawa: a jiƙa riɗi, a ɗiga ruwan a kai, a jira minti goma. Idan ya koma shuɗi, lafiya lau. Idan ya tsaya fari, akwai maganin ƙwari. Ban taɓa roƙon takarda ba sai ranar. Na ce ya kati, ka yi wa Allah ka yi shuɗi. Minti goma suka cika, yana nan fari fat kamar ba da shi nake ba. Na sake da sabon kati, haka dai.

Na ɗauki waya na kira Umma.

"Umma, ina kwana. Wace ajiya ce aka bar muku ranar Juma'a?"

Muryarta ta cika da fara'a. "Au, ya gaya miki? Ai yaron kirki ne. Ya iso Sharada an rufe ƙofa, ga buhuna a bayan mota, ga shi zai wuce ɗaurin aure. Na ce haba, ga garejin Abbanku ba kowa, a sauke a nan."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na gyara wurin mana! Na share, na goge. Ina gogewa na ga kyankyasai biyu da layin tururuwa. Na ce kayan baƙo ba za su lalace a gidana ba. Na ɗauko fiya-fiya na yayyafa lungu-lungu, har kan buhunan na ɗan watsa kaɗan don su ji tsoro."

Na dafe bango. "Umma, kan buhunan?"

"Kaɗan fa. To sai warin ya dame ni. Na ce a'a, a ce kayansa sun fita daga gidanmu suna wari? Na kunna kasko biyu, na zuba na cikin kwalbar nan da nake ɓoyo, na ja ƙofa na rufe. Safe da yamma, kwana biyu. Ya ji ƙamshin kuwa? Bai ce komai ba?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajiya mai nauyi ke nan. Ni da nake zaɓar kalar akwati. An tafi neman gira an rasa ido, kuma ba kowa ya jawo ba sai uwar da ta haife ni, da zuciya ɗaya fes.

Na yi mata bayani a hankali. Na ce riɗi abu ne mai mai, duk abin da ya kusance shi sai ya sha, kuma abin da ya sha ba ya wankuwa. Nan take muryarta ta canza.

"To ai ke ce mai sa hannu, ko?"

"Ni ce, Umma."

"Ki sa mana. Badi'a, ki rufa mini asiri. Saura kwana biyar mutanen nan su zo. Da wane ido zan kalle su? A ce tun ba a ɗaura ba mun fara yi musu ɓarna?"

Na ce zan sake kiran su, na kashe.

Labari ba ya kwana a sito. Kafin in zauna sai ga Malam Ɗayyabu, shugaban sito, ya shigo da carbinsa da tumbinsa. Mutumin kirki ne, sai dai shi duk matsalar duniya yana da gajeriyar hanyarta. Ya rufe ƙofa ya rage murya.

"'Yata, buhu sha biyu ne cikin kusan ɗari huɗu. A zuba su cikin injin tare da sauran, su gauraye. Gishiri ne a kogi, wa zai ji?"

Na ce, "Malam, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mutanen can ba da hanci suke gwadawa ba, injinansu suna ganin abin da ni ban isa in gani ba. Idan suka kama, kwantenar gaba ɗaya za a dawo da ita. Kuma ga katin suna a kowane buhu. Mata arba'in ne za su rasa mai saye a kan laifin da ba su yi ba."

"Idan kuma ba su kama ba fa?"

"Sai wani yaro a can ya ci. Shi ma ɗan wata ne."

Ya shafa gemu. "To shi ke nan. A mayar wa Ashafa, ya kai kasuwa. Masu kantu za su wawashe shi kafin azahar, riɗi mai kyau haka."

Nan fa raina ya ɓaci, don ni ina son kantu, kuma ɗan Yaya Zulaihatu na fari ba ya wuce mai tallansa. Na ce, "Malam, wato cikin ɗan Jafan ya fi cikin ɗan Kano daraja? Abin da ba zan ba baƙo ba, ba zan ba na gida ba. Wannan riɗin ba na baki ba ne kuma. Sai dai a ajiye shi iri, a shuka shi da damina."

Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Hajiya Hanci, biro naki ne." A gabana ya faɗi sunan, ko kunya babu. Ya fita.

Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashin taga. Ashafa ne, cikin shadda ruwan ƙasa da hular da na taɓa cewa tana yi masa kyau, yana murmushi har kunne. Aina'u ta ce ita ruwa za ta sha, ta ɓace, alhali ga gora a gabanta.

"Ranki ya daɗe, kin ga ajiyar?"

Na tura masa farin katin ta ƙasan taga. Ya san abin da yake nufi, don ni na koya masa. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarsa. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da kasko biyu. Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Na ji ƙamshin da safe," in ji shi. "Na ɗauka jikin buhu ne kawai." Ya nuna farantin. "Badi'a, kin duba sunan da ke jikin katin buhunan?"

Ban duba ba. Hanci ya hana ido aiki. Na jawo faranti na juya katin da Aina'u ta ciro. An rubuta da hannunsa, baƙi manya-manya: Talatu Ɗahiru.

"Gonar Inna ce," ya ce. "Shi ya sa ban sa su a babbar mota ba, na ce ni zan kawo da kaina. Bana ne karon farko da nata ya kai a fitar. Duk garin ta gaya wa riɗinta zai je Jafan da sunanta a jiki."

Inna. Mahaifiyarsa. Ku ce mini, ku da kuke karatu kuna kwance a kan katifa, me za ku yi? Gaba kura, baya sayaki. Uwata ta ɓata, uwarsa ta yi asara, ni kuma aka miƙo mini biro. Na dube shi ina jiran ya roƙe ni, don in ya roƙa zan samu wanda zan yi fushi da shi. Bai roƙa ba. Ya tsaya yana kallon hularsa kawai.

Biro biyu ne a aljihun rigata. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya taɓa koren. Ya daɗe a kansa ma. Sai na tuna abin da na faɗa masa ranar farko a wannan tagar, cewa tausayina na masu ci ne. Idan yau na canza, to ashe ranar can ba gaskiya na faɗa ba, raini ne kawai don ban san shi ba. Na zaro jan. Na rubuta: An ƙi. A yi iri da shi, kada a ci, kada a sayar don ci. Na sa hannu, hawaye ya ɗiga dab da sunana.

Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. Ya ce, "Na gode, Malama." Malama fa! Rabon da ya kira ni haka tun zamanin buhun taki. Ya mayar da hula ya tafi.

A gida kuwa na tarar da gari ya yi zafi. Umma ta ƙi kallona, ta koma kicin tana buga murfin tukunya. Abba yana zaune a tsakar gida da rediyonsa, ya ji komai, sai ya ce, "Hajiya, yarinyar nan amana aka ba ta."

Umma ta leƙo da ludayi a hannu. "Malam, amanar ce za ta aure ta?"

Abba ya ƙara muryar rediyo. Ni dariya ta kusa ƙwace mini duk da halin da nake ciki. Amma da na shiga kai mata shayi na same ta zaune a bakin gado, kwalbar turarenta a cinya, tana share ido da gefen ɗankwali. Ta ce, "Ni fa gyara na yi niyya." Na ce na sani, Umma. Muka zauna, ita da kwalbarta, ni da wayata.

Wayar ma ba ta da wani labari. Na rubuta masa, "Ka isa lafiya?" Alama biyu suka yi shuɗi, amsa babu. Kun ga ikon Allah, shuɗin da na roƙa a kati sai ga shi a inda ban so ba. Talata na rubuta, "Ka yi haƙuri." Na goge. Na rubuta, "Aikina na yi." Na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Ina kwana," kamar wata mai neman aiki. Ya karanta, shiru.

Laraba da safe wani direba ya kawo buhu goma sha biyu sababbi daga garinsu, da sunayen wasu matan a jiki. Na gwada, kati ya yi shuɗi har yana ɗaukar ido. Na juya buhunan ciki da bai ko ya maƙala mini 'yar takarda, babu. Aka cika kwantena, aka rufe, ta kama hanyar Legas. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ta har ta sha kwana. Sunaye talatin da tara suka tafi, ɗaya ya rage, kuma ni na cire shi.

Alhamis Aina'u ta ce, "Ki kira shi mana." Na ce Allah ya kiyaye, ina da aji. Tana fita na kira. A kashe.

Asabar ta zo ba mu san ko za a zo ba. Umma ta ce ko ba za a zo ba ita dai za ta dafa, kada a ce ba ta shirya ba. Aka yi sinasir da miyar taushe, aka soya kaji, aka jera lemo. Na sa leshina mai ruwan hoda da mayafi fari, na zauna a ɗaki ina kallon agogo. Ƙarfe sha ɗaya, shiru. Sha biyu, shiru. Ana kiran azahar muka ji tsayuwar mota.

Na leƙa ta labule. Mata uku suka shigo da ƙullin kaya a kai. A gabansu wata 'yar tsohuwa siririya, baƙa, tsaye ƙyam, da mayafi shuɗi da tafin hannu irin na wadda ta san fartanya. Na ji ɗaya daga cikinsu tana ce wa Umma, "Ga Yaya Talatu da kanta, mun hana ta ta ƙi."

Kun san dai uwar miji ba ta zuwa irin wannan, gwaggwanni ake turowa. Aka gaisa, aka zauna a falo, Umma ta ce bari ta shiga ciki ta dawo, ta fita da sauri kamar ana korar ta. Sai na ji muryar tsohuwar, ba ƙarfi, amma ta isa ko'ina.

"Ina yarinyar mai jan biro?"

Na fito na durƙusa nesa da ita, kaina a ƙasa. "Sannunku da zuwa, Inna. Kun zo lafiya?"

Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da takardar nan mai ninki huɗu, ta shimfiɗa a kan kafet.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Kin san nawa ne lokacin da kika rubuta?"

"Na sani."

"Kuma kin san ranar yau tana tafe?"

"Na sani, Inna." Na ɗago kai. "Riɗinku ba shi da laifi. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Bayan ya bar hannunku ne abin ya same shi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ga ƙannen mijinta ta ce, "Kun ji ko? Kwana uku ban ci tuwon kirki ba don baƙin ciki. A na huɗu na ce, to tsaya. Shekara talatin ina kai riɗi kasuwa, mai awo yana danne mini mudu, ana gauraya nawa da na kowa, ba wanda ya taɓa damuwa da abin da ke cikin buhu. Yarinyar da ta iya duban yaron nan da sunana a hannunta ta ce a'a, wannan ba za ta zuba mini ƙasa a tuwo ba. Ku sauke kayan."

Wayyo Allah. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Hawaye suka zubo, kwalli ya bi su, ban damu ba. Gwaggwannin suka fara guɗa ƙasa-ƙasa.

Sai ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Amma ba wannan kaɗai ya kawo ni ba." Ta sake kwance wani ƙulli a ɗaya bakin mayafin. Riɗi ne, cikin cokali biyu. Ta matso da shi kusa da ni, ta rage murya. "Yaron nan ya ce mini shi ya fesa maganin a motarsa. Ƙarya yake, ni na haife shi. Shinshina ki ji. Wannan turaren ba na mota ba ne, hannun mace ne, macen ma wadda ta san kanta. Akwai gidan da ya kai kayana suka kwana, kuma ya ƙi faɗa. Tunda ke ba ki cuce ni ba, ni ma ba zan bari a cuce ki ba. Sai na gano wace ce."

Ashe shi ya ɗauki laifin. Ashe shirun da ya yi ke nan, yana can yana shan faɗa a madadin Umma, yana bin gida-gida neman buhu sha biyu. Zuciyata ta narke, amma ga ni a tsaka mai wuya. In faɗa, na tona uwata a gaban surukai. In yi shiru, an bar shi da zargin wata mace. Ina cikin wannan lissafin sai labulen ƙofa ya motsa.

Hayaƙi ne ya fara shigowa. Umma tana bayansa da kaskonta na baƙi, mai zanen nan, garwashi ja jawur, ta zuba na cikin kwalbar ɓoyo har da ƙari. Shekara talatin hannunta ya saba, baƙo ba ya zama a falonta ba turare, ko tunani ba ta yi ba.

"Ku yi haƙuri na bar ku, garwashin ne ya ƙi kamawa..."

Inna Talatu ta ɗaga hanci. Ta shinshina iska. Ta sunkuya ta shinshina riɗin da ke hannunta. Ta sake ɗaga kai ta dubi kaskon, ta dubi Umma. Umma ta dubi riɗin. Ni na dubi kafet ina neman ramin shiga.

Umma ta ajiye kaskon a hankali. Ta gyara mayafi, ta zauna a ƙasa dab da tsohuwar, abin da ban taɓa ganin ta yi wa baƙo ba.

"Hajiya," ta ce, "ba sai kun je nema ba. Ni ce macen."

Inna Talatu ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Can ta ce, "Yarinya, tashi ki ba mu wuri."

Na fita tsakar gida. Ina jingina da bango wayata ta yi ƙara a hannuna. Sunansa ne, karon farko cikin kwana biyar.

"Ranki ya daɗe, don Allah ki ce wa Umma kada ta kunna turare yau."

Na dubi saƙon, na dubi hayaƙin da ke fitowa ta ƙasan labule. Na rubuta masa, "Ka makara."

Daga cikin falo sai na ji wata irin dariya ta fashe, ta tsohuwa, mai haɗe da tari, ta Umma ta biyo bayanta tana rantse-rantse. Wayar ta sake motsi.

"To ki leƙo. Tun azahar nake ƙofar gidanku, na kasa shigowa, na kasa tafiya."